Awon Hanci

Tasalla ce ta fara ƙirgawa.
Ta ce minsharina bai taɓa damunta ba,
wadda ta girma a bakin Binuwai
ta saba da gurnanin dorina.
Shirun ne.
Shirun da ke biyo baya kamar an ɗauke wuta,
tana lissafa shi da yatsu cikin duhu:
goma, sha biyar, ashirin da uku,
sai in zabura kamar wanda aka tsamo daga rijiya,
in fizgi iska, in koma.

Na ce sharri ne.
Ta naɗe ni a waya, ta kunna mini da safe
ina shan kunun gyaɗa.
Na ji wani mutum yana mutuwa yana fasawa.
Kunun bai wuce ba.

Ban gaya mata zancen hanyar Figil ba,
ranar da ido ya rufe da lodin auduga a bayana,
na buɗe shi jaki ya cika gilashi.

Likita Hamajoda ya kwantar da ni dare guda,
wayoyi a jikina kamar rediyon da aka farke wa ciki.
Da safe ya ce, maƙoshinka na rufe ƙofa
sau arba'in da ɗaya a awa.
Akwai na'urar da ke hura iska ta tokare ƙofar,
ita ba ta da gardama,
takunkumin ne sai fuska ta yarda.

Takunkumi!
A gidanmu maraƙi ake ɗaura wa.

Uku ya jera a tebur.
Na farko ya haɗiye hanci da baki,
gemu ya ƙi ba shi wuri,
iska na fito ta gefe kamar tayar da ƙusa ta huda.
Ya ce ko za a aske?
Na ce a bar gemun nan, ya girmi aurena.

Na biyu ɗan mitsitsi, 'yan kawuna biyu
da ke zama a ƙofofin hanci.
Ba nauyi, ba ya tare ido.
Da aka kunna, iska ta soke ni har ƙwanya,
hawaye ya zubo ba a yi mini rasuwa ba.

Na uku hanci kaɗai ya kifa wa,
kamar ɓarin goruba.
Nan aka daɗe,
don hancina ba miƙaƙƙe ba ne,
wani bahagon ɗan dambe ya karkata shi a Pitowa
tun ban fara tuƙi ba.
Babba ya hura mini ido.
Matsakaici ya danne karan,
sai da ya sassauta maɗaurin hagu kaɗan.
Ya ce kwanta, juya yadda kake juyawa a gida.
Na juya dama, ɓangaren da Tasalla take kwana.
Bai yi fito ba.
Ya ce, saura ka riƙa rufe baki.
Tasalla ta ce, likita,
shekara ashirin da shida ina faɗa masa.

Tumaki biyu suka tafi, da kwasar adashinta.
Na jawo tsohon batirin mota ƙarƙashin gado
don wutar Garwa ba ta sallama in za ta tafi.
Makon farko na cire shi cikin dare sau uku,
gumi, ƙaiƙayi, jan tabo a karan hanci,
yaran gareji suka ce na fara sallar dare da hanci.

Daren sha biyu na yi mafarki.
Na manta ana yi.
Babana na gani yana ɗinkin taru a inuwa,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Na farka kafin kiran assalatu,
tiyo a kan kafaɗa, iska na shiga ba rowa.
Hannun Tasalla na kan ƙirjina,
yatsu uku a lanƙwashe, inda ƙirgan ya tsaya.
Ashe ita ma tana minshari,
siriri, kamar mage a bakin murhu.
Ban tashe ta ba.
Na kwanta ina saurare.